Dan Allah yaya ake ambaton kundin tsarin mulki da dokokin jihohin Amurka a futnot?

Ɗalibar_Lauya ta rubuta:

Slm 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah baristocinmu da masu karatun lauya a taimaka min, kaina ya ɗau zafi wlh. Ina aji biyar ne, firojet ɗina kwatanci ne tsakanin yadda jihohinmu na Arewa suka faɗaɗa aiki da Shari'a daga 1999 da kuma yadda wasu jihohin Amurka suka yi akasin haka, wato suka yi dokokin hana kotunansu amfani da dokar waje, irin su Oklahoma da Kansas da Tennessee da Arizona da Luwiziyana da Alabama. Babi na uku ya dawo daga wurin sufabaiza jajur da jan biro, kuma ba wai hujjojin ya taɓa ba, futnot kawai ya bi ɗaya bayan ɗaya yana zagayewa, a ƙasa ya rubuta in je in koyi yadda ake ambaton doka, shi ke nan, ba ƙarin bayani, kuma mutum ne da ba a cika samunsa a ofis ba.

Ni yadda na rubuta shi ne misali "Section 1, Article 7, Oklahoma Constitution, 2010" sai kuma "Kansas Foreign Laws Act 2012", don haka muka saba da namu na gida. To da na koma kan maƙalolin da na karanta sai na ga kowa da nasa salon, wani ya sa K.S.A. wani ya sa Kan. Stat. Ann., wani ya sa West a cikin baka biyu wani bai sa ba, wani da shekara wani babu, ga wata alama mai kama da S biyu a goye da juna wadda ban ma san inda take a kibod ba.

Abin da nake son sani, kundin tsarin mulkin jiha ana sa masa shekara ko ba a sawa? Wanne ke fara zuwa, art ko sashe? Shi wannan West ɗin mene ne aikinsa? Sannan Bluebook zan bi ko tsarin NALT, wato na ƙungiyar malaman lauya ta Najeriya, da fakwalti ta ce mu bi, tunda dokokin ba na Najeriya ba ne? Difens ya matso, Allah ya saka da alheri.

Baban_Hanif ya amsa:

Wslm ƙanwata, kwantar da hankalinki, abin ba shi da wuya in kin gane cewa ba tsari ɗaya ba ne ga duk jihohin. Na yi digiri na biyu a can kuma wannan abin ya ci mana tuwo a ƙwarya a zangon farko, to bari in ɗan yi bayani da tsawo.

Littafin da mafi yawansu ke bi shi ne Bluebook, editocin mujallun shari'a na Harvard da Yale da Columbia da Pennsylvania ne ke fitar da shi, bugun farko ya fito a 1926, bugu na 21 ya fito a 2020, na 22 kuma a 2025. Ƙa'ida ta 11 ita ce ta kundin tsarin mulki, ta 12 ta dokoki, sai jadawalin da ake kira T1 a can baya wanda ya bi jihohi ɗaya bayan ɗaya ya nuna yadda ake rubuta na kowacce. In kin samu littafin a laburare to T1 ɗin nan shi za ki fara buɗewa.

Kundin tsarin mulki shi ya fi sauƙi. Gajeren sunan jiha, sai Const., sai ki sauko daga babban kashi zuwa ƙarami, wato akasin yadda kika yi:

Okla. Const. art. VII, § 1
Tex. Const. art. I, § 8
U.S. Const. amend. I

Kin ga art. da amend. da lambobin Romawa ake rubuta su, sashe kuma da lambobinmu na yau da kullum. Wannan alamar § ita ce sashe, a Windows ki danne Alt ki buga 0167, a Mac Option da 6, a iPhone ki danne alamar & ki riƙe za ta fito. In sassa da yawa ne sai ki ninka ta, §§.

Maganar shekara, in tanadin yana aiki a yanzu ba a sa shekara sam. Shekara tana shigowa ne in an soke shi ko an gyara shi ko an maye gurbin kundin gaba ɗaya. Misalin da kowa ya sani shi ne gyara na 18 da ya haramta giya a Amurka, ana rubuta U.S. Const. amend. XVIII (repealed 1933). In kuma tsohon kundi ne da aka riga aka ajiye, sai shekarar ta zo kusa da sunan, kamar Ga. Const. of 1976, saboda Jojiya tana aiki da na 1983 ne yanzu. Wannan yana da muhimmanci don jihohin suna canza kundi fiye da tarayya nesa ba kusa ba, Luwiziyana kaɗai ta yi goma sha ɗaya, na yanzu na 1974 ne, ita kuwa Masachuset tana nan da nata na 1780.

Sannan ki kula ba kowane kundi ne aka tsara shi art. sai § ba. Na New Hampshire kashi biyu ne, shi ya sa za ki ga N.H. Const. pt. I, art. 10. Na Jojiya yana da sakin layi a ƙarƙashin sashe, sai an ƙara para. Ki bi yadda kundin ya rarraba kansa kawai, kar ki tilasta masa tsarin wani.

Gajerun sunayen jihohin ma ba irin na gidan waya ba ne, ba CA ko OK ko KS ba. Cal., Okla., Kan., Tenn., Ariz., La., Ala. Akwai waɗanda ba a gajarta su ko kaɗan, Alaska, Idaho, Iowa, Ohio, Utah.

To yanzu dokoki, nan ne aikin yake. Mu a gida mun saba kiran doka da sunanta da shekararta, su kuma majalisa tana gama doka sai a ɗauke ta a zuba ta cikin babban kundin dokokin jihar a ba ta lamba, to lambar nan ita ake ambata, ba sunan ba. Shi ya sa "Kansas Foreign Laws Act 2012" ba zai kai kowa ko'ina ba. Naki za su zama kamar haka:

Kan. Stat. Ann. §§ 60-5101 to -5108 (2024)
Ariz. Rev. Stat. Ann. §§ 12-3101 to -3103 (2024)
Tenn. Code Ann. § 20-15-101 (2024)
La. Stat. Ann. § 9:6001 (2024)
Okla. Stat. tit. 12, § 20 (2024)

Dubi yadda suka bambanta, Kansas karan ɗori ɗaya, Tennessee biyu, Luwiziyana ruwa biyu take sawa tsakanin lambobin, Oklahoma sai an rubuta tit. tukuna. Ba kuskuren buga rubutu ba ne, haka kowacce ta tsara nata. Ilinoi ma lamba ce ke fara zuwa, 720 Ill. Comp. Stat. 5/9-1, Masachuset kuma babi take amfani da shi, Mass. Gen. Laws ch. 265, § 1. Sai kuma jihohi irin su Kalifoniya da New York da Texas da Maryland da suka raba kundinsu bisa fanni, dole sai kin faɗi wane kundi, Cal. Penal Code § 187, N.Y. Penal Law § 125.25, don in kika ce sashe na 187 na Kalifoniya kawai to akwai kundi 29, wanne kike nufi.

Shekarar da ke cikin baka biyun nan ba shekarar da aka yi dokar ba ce, ki riƙe wannan sosai don nan ne mutanenmu suka fi zamewa. Shekarar bugun kundin da kika duba ce. Dokar Kansas a 2012 aka yi ta, amma in bugun 2024 kika duba 2024 za ki sa, ni ma 2024 ɗin da na sa a sama misali ne kawai, ki sa na abin da kika buɗe da idonki. In kina son mai karatu ya san shekarar da aka yi ta sai ki faɗa a cikin rubutun, ko ki ambaci kundin zaman majalisa na shekarar, wato Kan. Sess. Laws na 2012. Tun bugu na 21 sun ce ba dole ba ne a sa shekara a dokokin tarayya na U.S.C., to wasu sai suka ɗauka har da jihohi, alhali na tarayya kawai aka faɗa.

West kuma sunan kamfanin ɗab'i ne. Akwai bugun hukuma akwai bugun 'yan kasuwa mai ɗauke da sharhi da jerin shari'o'i a ƙarƙashin kowane sashe. In na hukuma kika duba shekara kawai, in na kamfani ne sai ki sa sunansa, (West 2024) ko (LexisNexis 2024), a New York kuma za ki ga (McKinney 2024). Ann. ɗin da kike gani yana nufin bugun mai sharhi ne, amma fa kar ki ce duk mai Ann. na kamfani ne, na Kansas da Tennessee masu Ann. ɗin su ne na hukuma. Shi ya sa na ce T1.

Abu na ƙarshe, et seq., wato "da sassan da ke biye", da za ki gani a maƙaloli da yawa Bluebook ba ya so, ya fi son ki faɗi inda aka fara da inda aka tsaya.

Barista_Tsoho ya amsa:

Baban Hanif ya yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira, amma ni ina da ja a wuri ɗaya. Yarinyar nan ba a Boston za ta kare firojet ɗinta ba, a gaban malamanta za ta tsaya, kuma fakwalti ta riga ta ce NALT. 'Yata, in kika cika futnot da salon Bluebook tsantsa, aya a bayan kowace kalma da ƙananan manyan baƙaƙe irin na mujallunsu, sannan na Najeriya kuma kika yi su da wani salo, jan biron nan zai dawo. Ki kuma lura mutane suna kiran jagorar NALT ɗin "blue book" ita ma, to in sufabaiza ya ce ki bi blue book ki tabbatar wanne yake nufi kafin ki ɓata dare.

Tsarin NALT ya yi kama da OSCOLA, tsarin ambaton doka na Oxford, sosai, shi kuma OSCOLA abin da ya ce game da dokar wata ƙasa a fili yake, a ambace ta yadda ake ambatonta a gidansu amma a rage ayoyi. Ma'ana ki ɗauki ƙashin bayan abin da Baban Hanif ya ba ki, jerin da lambobin da alamar, ki sauke ayoyin, ya zama Okla Const art VII, § 1 da Kan Stat Ann § 60-5101 (2024). A karon farko ma ni da zan ba ki shawara ki rubuta sunan a cike, Kansas Statutes Annotated, sannan ki sa shi a jerin gajerun kalmomi na gaban firojet, don ba kowane mai jarrabawa ne ya san Kan Stat Ann ba, kuma malami in bai gane abu ba ba zai ce bai gane ba, zagayewa zai yi.

Sannan tunda kwatanci kike yi, ɓangaren gida ma ki gyara shi don na san a nan ma ɗalibai suna kwaɓawa. Jihohinmu ba su da kundin tsarin mulki nasu, guda ɗaya ne na 1999 ya ɗauki kowa, ikon majalisar jiha na yin doka yana sashe na 4(6) da (7), kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a ta jiha tana 275 zuwa 279, hana ɗaukar addinin gwamnati yana sashe na 10, 'yancin addini 38. Ana rubutawa Constitution of the Federal Republic of Nigeria 1999 (as amended) s 277, ƙaramin s babu aya, in da yawa ne ss. Amma kar ki rubuta a firojet cewa ba a taɓa yin kundin yanki a Najeriya ba, an yi. A 1960 kundin Arewa da na Yamma da na Gabas suna cikin jadawalin dokar da ta kawo kundin 'yancin kai, a 1963 ma kowane yanki da nasa, Yamma ta Tsakiya ta samu nata a 1964, sojoji ne suka zo a 1966 abin ya watse. Wannan ma sakin layi ne mai kyau da zai ƙara wa babinki nauyi, don a lokacin mun fi kama da Amurka a wannan fuskar fiye da yanzu.

Dokar majalisar tarayya Act ce, ta majalisar jiha Law, sashe na 318 ne ya raba su, a zamanin soja kuma Decree da Edict. To kar in ga "Zamfara Sharia Penal Code Act", Law ce, ta 2000, lamba ta 10. Ta Kano ma Law ce ta 2000, ta Hisba ta Kano 2003. Tsohon Penal Code na Arewa kuma Cap 89 ne, wato babi na 89, a Laws of Northern Nigeria 1963, amma jihohi sun sake zuba shi a nasu kundin da wata lambar, Kaduna ma sabo ta yi gaba ɗaya a 2017, don haka ki faɗi na wace jiha kike nufi. Haka LFN, wato kundin dokokin tarayyar Najeriya, na 1990 lamba zalla ce, na 2004 harafi da lamba, dokar filaye Cap 202 ce a na 1990, Cap L5 a na 2004, in kika haɗa Cap 202 da 2004 kin ambaci abin da babu shi.

Abin takaicin ma shi ne za ki samu dokar Kansas a wayarki kina kwance kafin ki samu sahihin kwafin dokar jiharku, wannan sai kin taka zuwa ma'aikatar shari'a ko laburaren babbar kotu kin nemi gazet. Ki je ɗin, kar ki dogara da kwafin da ke yawo a WhatsApp, na sha ganin wanda lambobin sassansa ba su dace da na gazet ba.

Ɗalibar_Lauya ta amsa:

Kai na gode ƙwarai Yaya Baban Hanif, na gode Baba Barista, Allah ya ƙara girma. Yanzu na gane maganar shekarar, da ni duk a zatona shekarar da aka sa hannu ce. To tambaya ɗaya ta rage, shi gyaran Oklahoma na 2010 da ya ambaci Shari'a da suna, wanda ake kira State Question 755, shi ne zan rubuta Okla Const art VII, § 1 kawai, ko in ƙara (amended 2010) tunda gyara ne? Sannan na Alabama na ga wata maƙala ta ce amend. 884 wata kuma ta ce § 13.50, wanne ne daidai a ciki?

Mai_Laburare ta amsa:

'Yar uwa tsaya tukuna, a kan na Oklahoma kar ki rubuta ko ɗaya daga cikin biyun, wannan ba matsalar aya da waƙafi ba ce, in kika sa shi haka kin faɗi abin da bai faru ba kuma duk wanda ya san labarin a wurin difens zai kama ki a nan.

Gyaran bai taɓa shiga kundin Oklahoma ba. Gaskiya ne an kaɗa ƙuri'a ranar 2 ga Nuwamba 2010 kuma kusan kashi 70 cikin ɗari sun amince, kuma gaskiya ne art. VII, § 1 aka so a gyara, amma wani Musulmi mazaunin jihar, Muneer Awad, ya garzaya kotun tarayya nan take, alƙaliya Vicki Miles-LaGrange ta hana hukumar zaɓen jihar tabbatar da sakamakon, kotun ɗaukaka ƙara ta goma ta goyi bayan hanin a Janairu 2012, sannan a Agusta 2013 aka mayar da hanin na dindindin. Tunda ba a tabbatar da sakamako ba gyaran bai fara aiki ba ko na rana ɗaya. In mai karatu ya bi futnot ɗinki ya buɗe art. VII, § 1 yau ba zai ga kalmar Shari'a a ciki ba, zai ga bayanin kotunan da ikon shari'a na jihar yake hannunsu ne kawai.

Abin da za ki ambata shi ne ƙudurin majalisar da ya kai maganar gaban masu zaɓe, wannan kuma a ƙa'ida ta 13 yake ba 11 ba:

H.R.J. Res. 1056, 52d Leg., 2d Reg. Sess. (Okla. 2010)

sai ki bi shi da shari'ar, Awad v. Ziriax, 670 F.3d 1111 (10th Cir. 2012), a cikin hukuncin ma an kawo lafazin gyaran, kina iya ɗauko shi daga nan ki sa shafin. Hukuncin ƙarshe na 2013 yana 966 F. Supp. 2d 1198. Shi kuma tit. 12, § 20 da Baban Hanif ya kawo wata doka ce daban da majalisar ta yi a 2013, kar ki haɗa su wuri ɗaya.

Wannan bambancin zai taimaki hujjarki ma ba futnot kaɗai ba. Abin da ya kayar da na 2010 shi ne ya ware addini ɗaya ya kira shi da suna, kotu ta ce wannan ya ci karo da gyara na farko na kundin tarayya. Su Kansas da Arizona da Tennessee da Luwiziyana ba su ambaci Shari'a a lafazin dokokinsu ba, dokar waje suka ce, duk da kowa ya san abin da ake muhawara a kai lokacin. To in kika rubuta "Kansas ta haramta Shari'a" sannan kika sa § 60-5101 a ƙasa, sashen ba zai tsaya miki ba, sai dai ki ce ga abin da dokar ta faɗa, ga kuma abin da aka faɗa a muhawarar majalisa, kowanne da nasa futnot.

Na Alabama kuma duka biyun da kika gani abu ɗaya suke nunawa. A 2014 aka amince da shi, shi kam ya shiga, kuma kundinsu na 1901 ya tara gyare-gyare sama da 900 ana jera su da lamba a baya, wannan ne na 884. A 2022 aka sake tsara kundin gaba ɗaya masu zaɓe suka amince, don haka abin da ya fi miki yanzu shi ne Ala. Const. art. I, § 13.50, ba shekara. In kina kawo maganar wani marubuci da ya yi amfani da lambar gyaran sai ki bar masa yadda ya rubuta.

Game da K.S.A. da kika tambaya a farko ba wanda ya taɓa, wannan salon cikin gida ne na lauyoyin jihar, kamar A.R.S. a Arizona, T.C.A. a Tennessee, La. R.S. a Luwiziyana, O.C.G.A. a Jojiya. Ba kuskure ba ne, a kotunansu haka suke rubutawa, wasu jihohin ma littafin salo nasu gare su, Kalifoniya tana da nata inda za ki ga (Pen. Code, § 187) ba tare da Cal. ba don sun san a gida suke, dokar kotunansu ma ta ba lauya zaɓi tsakanin nasu da Bluebook muddin bai gauraya ba. Amma ke da mai karatunki yake Najeriya, K.S.A. ba za ta gaya masa komai ba, ki yi amfani da mai tsawon.

In ba ki samu Bluebook a laburarenku ba, don da tsada kuma wanda ke kan kanta sau da yawa tsohon bugu ne, akwai Indigo Book kyauta a intanet, tsarin kusan ɗaya ne, sannan shafin LII na jami'ar Cornell yana da jagorar ambato mai misalin kowace jiha. Tsohon bugu zai nuna miki La. Rev. Stat. Ann. maimakon La. Stat. Ann., to kar ki rikice in kin gani.

Baban_Hanif ya sake amsawa:

Hajiya Mai Laburare ta gama magana a kan Oklahoma. Barista kuma ranka ya daɗe na yarda NALT za ta bi, amma ni a nawa ganin kar ta taɓa alamar § ta mayar da ita s don ta yi kama da na gida, na ga masu yin haka, sai ka ga Kan Stat Ann s 60-5101, ba na can ba ba na nan ba. Ayoyi ta sauke in tana so, alamar ta bar ta.

Ƙanwata ƙarin abu biyu. Tunda a intanet za ki duba ba a littafi ba, ki shiga shafin majalisar jihar ko na ofishin da ke tsara dokokinta, yawanci suna rubuta zuwa wane zama aka sabunta rubutun, wannan shekarar za ki sa. Shafukan da ke kwafo dokoki suna da amfani wurin nema amma wani lokaci bugun shekarun baya ne ke fara fitowa a Google, ki duba saman shafin. In kuma kina da Westlaw ko Lexis ta makaranta, wato rumbunan dokoki na intanet, akwai yadda ake rubuta shi, (West, Westlaw through 2024 Reg. Sess.), ki kwafi abin da suka rubuta a ƙasan sashen.

Na biyu, a Word ki sa tazarar da ba ta karyewa tsakanin § da lambar, Ctrl da Shift da Space tare, in ba haka ba za ki buga firojet ki ga alamar ita kaɗai a ƙarshen layi lambar ta sauka ƙasa.

Barista_Tsoho ya sake amsawa:

To na ji, a bar mata alamar, ban ƙi ba. Amma 'yata kafin ki bi futnot ɗin duka ki gyara, ki yi guda biyar kawai, kundin jiha ɗaya, dokar jiha biyu, ƙudurin Oklahoma ɗin nan, da na Zamfara ɗaya, ki buga a takarda ɗaya ki kai wa sufabaizan ko ki tura masa, in ya sa hannu a kai sai ki ajiye takardar ki bi sauran da ita. In ya ce shi s yake so ba § ba, to ki yi masa s ɗin, shi ne mai maki, Baban Hanif ba ya cikin masu zama a difens ɗinki.